Zaƙin Baki da Nauyin Tarihi: Tarken Jawaban Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci adabin baka a ajin Hausa, hankalin ɗalibi yakan tafi ga tatsuniya da karin magana da kirari da waƙoƙin makaɗa. Ba kasafai ake kawo jawabin ɗan siyasa a ɗora shi a faifan nazari ba, alhali kuwa jawabi yana da jigo da zubi da salo kamar kowane aikin adabi, kuma sau da yawa tasirinsa a kan jama'a yakan zarce na littafi. Wannan takarda za ta dubi jawaban Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano (1929-2017), wanda ya yi malanta da siyasa da jakadanci, kuma Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba suka yi ittifaƙin cewa yana sahun gaba a fasahar magana a Nijeriya.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, shaharar Ɗanmasani a fagen iya magana ta sa masu sauraro suna karɓar jawabansa a matsayin tarihi tsantsa, alhali aiki ne na fasaha wanda mai shi ya zaɓi abin da zai faɗa, ya kuma zaɓi abin da zai tsallake. Batun yana da muhimmanci domin matasa da yawa daga bakinsa suka san Jamhuriya ta Farko. Haka nan muryarsa ta kai duk inda ake kama sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, tun daga Maraɗi har zangunan Kumasi da Lome, inda mai sauraro ba lallai ne yana da wata hanyar tantance labarin siyasar Nijeriya ba. Za a fara da taƙaitaccen tarihinsa, sannan a fito da dabarun salonsa, daga nan a auna wasu jigoginsa da ma'aunin tarihi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Maitama Sule a birnin Kano a shekarar 1929. Mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano Mahmudu, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye wannan asali ba, yakan ma faɗe shi a bainar jama'a. Ya yi makarantar Elamantare ta Shahuci da Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, wadda daga baya aka san ta da Kwalejin Barewa. Da ya gama ya dawo Midil ta Kano yana koyarwa, a nan ne kuma ya riƙa horar da ɗalibai wasan kwaikwayo, har aka sami ƙungiyar wasa da ta ci sunansa.

Yana cikin samarin Kano da aka yi tunanin kafa jam'iyyar NEPU da su a 1950, amma daga bisani ya koma NPC. A zaɓen 1954 ya kayar da Malam Aminu Kano, ya tafi Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ne ya naɗa shi Ɗanmasani, sunan da ke tuna wa mutane Wali Ɗan Masani, shahararren malamin Katsina na ƙarni na 17. Daga 1959 zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 shi ne Ministan Ma'adinai da Lantarki a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wato harkar man fetur tana hannunsa a shekarunta na farko, domin a 1956 aka gano mai a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi waje, a 1965 kuma matatar Fatakwal ta fara aiki. Yana kuma cikin tawagar da ta je Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 1960, lokacin da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99.

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo ta Jihar Kano. A 1976 ya zama shugaban farko na Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Tarayya. A watan Disamba 1978 ya nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, ya zo na biyu a bayan Alhaji Shehu Shagari, ya kuma janye masa. Daga 1981 zuwa 1983 ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shugabanci Kwamitin Musamman na Yaƙi da Wariyar Launin Fata. A ƙarshen 1983 Shagari ya ba shi sabuwar ma'aikatar gyaran ɗabi'un 'yan ƙasa, wadda juyin mulkin 31 ga Disamba na shekarar ya rufe. Bai sake riƙe babban muƙamin gwamnati ba, sai dai ya zama dattijon da ake gayyata taruka. Ya rasu a wani asibiti a Alƙahira ranar 3 ga Yuli 2017, aka yi jana'izarsa a Kano.

Abubuwa uku daga wannan tarihi suna da alaƙa ta kai tsaye da salonsa: tasowa a gidan sarauta, inda yaro ke koyon gaisuwa da sakaya zance da sanin girman kowa, aikin koyarwa, da kuma wasan kwaikwayo. Akwai na huɗu, wato rasa gani da ya yi a ƙarshen rayuwarsa, wanda ya sa jawaban da aka fi saninsa da su a yau duk da ka ya yi su, ba takarda a hannu.

3.0 Dabarun Salo a Jawabansa

3.1 Zubi da Tsari

Duk wanda ya saurari jawabansa na shekarun dattijantaka guda uku ko huɗu zai ga cewa gini ɗaya ne ake sake yi wa fenti. Yakan buɗe da sallama da girmama mahalarta. Sai ya zana hoton jiya, zamanin Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo, lokacin da ake da tarbiyya da riƙon amana da ganin girman juna. Daga nan ya juyo ga yau, ya jero abubuwan da suka lalace a gida da makaranta da kasuwa da ofis. Sai ya ce duk da haka bai fid da rai ba, ya kira matasa su tashi, ya rufe da doguwar addu'a. Ɗalibin da ya nazarci waƙoƙin wa'azi zai gane wannan tsari nan take: yabon magabata, kukan lalacewar zamani, gargaɗi, sannan addu'a. Ke nan Ɗanmasani ya ɗauki zubin wa'azi ne ya zuba siyasa a ciki, shi ya sa ake sauraronsa da natsuwar da ake sauraron malami, ba a cika yi masa musun da ake yi wa ɗan jam'iyya ba.

3.2 Jerin Sarƙe da Maimaitawa

Babban makaminsa shi ne jera jimloli masu ƙira iri ɗaya, kowace ta fara da kalma ɗaya, ƙarshenta ne kawai ke sauyawa. Fitaccen misali shi ne addu'arsa ta neman shugabanni. Yakan roƙi Allah ya ba ƙasa shugabanni na gari a maimakon masu mulki kawai, sannan ya yi ta maimaita kalmar shugabanni yana rataya mata siffofi ɗaya bayan ɗaya: masu tsoron Allah, waɗanda ba sa ƙarya, waɗanda ba sa sata, waɗanda abin da suka yarda da shi a ɓoye shi za su faɗa a fili, masu kallon talaka da idon ɗan'uwa. Wannan dabara tana yin aiki uku. Tana taimakon mai magana da ka ya tuna abin da ke gaba, tana ba mai sauraro gurbin cewa amin, tana kuma tara nauyi a hankali har jimla ta ƙarshe ta faɗo da ƙarfi. Irin aikin da amshi ke yi ke nan a waƙar makaɗan fada.

3.3 Gajeren Labari da Kwatance

Ɗanmasani ba ya barin zance a sama, yakan sauko da shi ƙasa da labari. Yakan ce a farkon shekarun 1960 an yi hasashen ƙasashe uku masu tasowa za su kamo ƙasashen da suka ci gaba, wato Indiya da Barazil da Nijeriya. Sai ya kwatanta masana'antar kayan yaƙi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, da takwararta ta Barazil, ya ce waccan ta kai ga ƙera manyan kayan yaƙi, tamu kuwa ta shahara da yin kujeru. Jama'a su yi dariya, dariyar kuma ta ƙare da jimami. A nan ne horon wasan kwaikwayo ke fitowa: sanin inda za a dakata, da inda za a sassauta murya, da inda za a ɗaga ta. Waɗannan abubuwa ba sa bayyana a rubuce, don haka wanda ya nazarci jawabin daga jarida kawai ya rasa rabin aikin.

3.4 Hausa a Cikin Ingilishi

Abin da aka saba gani ga 'yan boko shi ne Hausarsu ta ɗauko ƙirar jimlar Ingilishi. Ga Ɗanmasani akasin haka ne. Ingilishinsa tsaftatacce ne ta fuskar nahawu, amma ƙashin bayansa na Hausa ne: doguwar gaisuwa, da addu'a a tsakiyar zance, da maimaitawa, da gugar zana a inda wani zai fito fili ya yi suka. Ba kasafai yake kama sunan wanda yake zargi ba, sai ya siffanta halin ya bar mai shi ya tsargu. Wannan fage ne mai kyau ga ɗalibin fassara, ya ɗauki jawabinsa ɗaya na Hausa da ɗaya na Ingilishi a kan jigo guda, ya duba abin da ya sauya da abin da ya tsaya.

4.0 Auna Jigo da Ma'aunin Tarihi

4.1 Hoton Jamhuriya ta Farko

Jigon da ya fi yawa a jawabansa shi ne nagartar shugabannin farko. Akwai gaskiya mai yawa a ciki, domin Tafawa Ɓalewa da Sardauna ba su bar dukiyar a zo a gani ba, shi ma Maitama an shaide shi da barin ma'aikatar da ke kula da mai ba tare da ya tara abin duniya ba. Wannan ne ya ba maganarsa daraja, don kuwa mai faɗa ya aikata.

Sai dai hoton bai cika ba. A wannan zamani da ake yabo aka yi rikicin Kano na watan Mayu 1953. A cikinsa aka yi tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964, aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, aka ɗaure Awolowo shekara goma a 1963, aka yi rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, aka kuma yi zaɓen 1964 wanda 'yan adawa suka ƙaurace masa a wurare da dama. A Kano kanta, magoya bayan NEPU sun sha duka da ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan alƙalan En'e. Sarki Sanusi da ya naɗa shi Ɗanmasani, gwamnatin NPC ce ta Jihar Arewa ta sa aka binciki kuɗin En'ersa, ya bar gadon sarauta a 1963. Maitama Sule yana tsakiyar fage lokacin da mafi yawan waɗannan suka faru, minista ne a jam'iyya mai mulki.

Ba za a ce ya yi ƙarya ba. Abin da ya yi shi ne abin da maroƙi ke yi idan yana jero asalin ubangidansa, ya ambaci kakannin da suka ci yaƙi, ya yi shiru a kan waɗanda aka kora. Zubin wa'azi da ya zaɓa yana bukatar jiya mai haske domin duhun yau ya fito sosai. Illar ita ce, matashin da ya ɗauki wannan hoto a matsayin tarihi zai zaci matsalar Nijeriya ta lalacewar hali ce kurum, ba zai tambayi yadda aka tsara rabon iko da arziki tun farko ba, kuma ba zai gane dalilin rushewar jamhuriyar cikin ƙasa da shekara shida da samun 'yanci ba.

4.2 Rabon Baiwa da Jigon Adalci

Akwai wata magana da aka daɗe ana jingina masa, wadda ta jawo masa suka musamman a Kudu. Ma'anarta ita ce Allah ya ba kowace al'umma baiwarta: 'yan Arewa shugabanci, Yarabawa iya neman abinci da iya hulɗa, Ibo kuwa kasuwanci da ƙere-ƙere. Ta fuskar salo, wannan jerin sarƙe ne mai gaɓa uku, kowace gaɓa da tsawo ɗaya da nauyi ɗaya a kunne, sai mai sauraro ya ji kamar an yi rabo daidai wa daida. Amma idan aka cire zaƙin jerin aka dubi abin da aka raba, za a ga kaso ɗaya yana iko da sauran biyun, domin mai shugabanci shi ke yanke wa ɗan kasuwa haraji, shi ke naɗa jakada. Daidaiton ƙirar jimla ya lulluɓe rashin daidaiton ma'ana. Wannan darasi ne babba ga ɗalibin salo, cewa adon harshe yana iya fito da gaskiya, yana kuma iya yi mata mayafi.

Maganar ta kuma ci karo da rayuwar mai ita. Ɗan bara da ya zama minista yana da shekara talatin hujja ne a kan cewa shugabanci ba gadon jini ba ne. Ta kuma ci karo da jigon da ya fi ƙarfi a bakinsa, wato adalci, wanda yakan jingina shi ga koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo game da yadda zalunci ke rusa mulki. A 2015, bayan zaɓe kafin rantsarwa, ya jagoranci dattawan Arewa zuwa wurin Janar Muhammadu Buhari, ya yi jawabin da ya yaɗu ƙwarai, inda ya hore shi da yin adalci ga kowa ba tare da duban addini ko ƙabila ba. Mai nazari na gaskiya zai ajiye maganganun biyu gefe da gefe, ba zai ɗauki wadda ta yi masa daɗi ya jefar da ɗayar ba.

4.3 Inda Magana ta Zama Aiki

Masu suka sukan ce Ɗanmasani baki ne kawai. Aikinsa na jakadanci ya nuna cewa wannan hukunci ya yi tsauri. Kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, wanda aka kafa a 1962, ba shi da ikon sa wa kowa takunkumi. Wannan iko na Kwamitin Sulhu ne, inda ƙasashe biyar ke da kujerar naƙi. An samu takunkumin sayar wa Afirka ta Kudu makamai a 1977, amma na tattalin arziki Amurka da Ingila sun yi ta toshe shi. Maitama ya karɓi kwamitin a zamanin Ronald Reagan, wanda gwamnatinsa ta zaɓi lallashin Pretoria, har ta hau kujerar naƙi a watan Agusta 1981 a kan ƙudurin yin tir da harin da Afirka ta Kudu ta kai Angola.

A irin wannan hali, abin da ya rage wa kwamitin shi ne jan hankalin duniya da kunyata masu hulɗa da gwamnatin wariya. A lokacin shugabancinsa aka ware 1982 a matsayin shekarar gangamin neman takunkumi, aka kuma riƙa fitar da sunayen 'yan wasa da mawaƙan da suka je Afirka ta Kudu. A nan iya magana shi ne ainihin aikin ofis. Sai dai adalci ne a faɗi cewa kujerar ta Nijeriya ce kafin shi da bayansa, domin Leslie Harriman da Joseph Garba da Ibrahim Gambari duk sun hau ta, kuma sai a 1994 mulkin wariya ya kau. Nasa kaso ne a cikin aikin gayya.

Ma'aikatar gyaran ɗabi'u ta 1983 kuwa ta nuna iyakar magana. An ɗauko mafi iya wa'azin siyasa a ƙasar aka ba shi aikin gyara halin jama'a, a cikin gwamnatin da ake zargin manyanta da almundahana, bayan zaɓen da aka yi ta ƙorafi a kansa. Ba ta cika wata uku ba sojoji suka karɓi mulki. A Majalisar Ɗinkin Duniya akwai ƙasashe da ƙungiyoyi a bayan kalmominsa, a gida kuwa an bar kalmomin su kaɗai.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa jawaban Ɗanmasanin Kano sun cancanci shiga manhajar adabin baka na zamani, kusa da waƙoƙin siyasa na shekarun 1950 da 1960. An ga yadda ya haɗa ladabin fada da zubin wa'azi da dabarun ɗan wasa, ya kuma ɗauki wannan gini ya kai shi cikin Ingilishi. An kuma ga cewa dabarun da suka sa ake kuka idan yana magana su ne suka rufe giɓin da ke cikin labarinsa na Jamhuriya ta Farko da maganarsa ta rabon baiwa.

Hanyar da ta dace ɗalibi ya bi ita ce ya samo jawabi ɗaya a faifan murya ko na bidiyo, ya rubuta shi kalma da kalma tare da alamta wuraren dakatawa da sauyin murya, ya fito da zubinsa da adon harshensa. Bayan haka ya ware duk jimlar da ke ɗauke da da'awar tarihi, kamar hasashen Indiya da Barazil, ya bi sawunta a littattafan tarihi. Wanda ya tsaya a matakin farko ya zama maroƙin Ɗanmasani, wanda ya tsallake zuwa na biyu kai tsaye kuwa ba zai gane dalilin da ya sa mutane suka saurare shi fiye da shekara sittin ba. Tarke yana bukatar matakan biyu, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana kiran a yi adalci ya cancanci a yi wa maganarsa irin wannan adalci.